Tukunyar Iya da Garejin Maƙwabcina

Ƙamshi ne ya fito da ni daga ɗaki. Ranar Asabar ce da hantsi, a garin Corvallis na jihar Oregon, a tsakiyar shekarun 1990, ina ɗalibin kimiyyar abinci, ban fi wata uku da sauka Amurka ba. Ana yayyafin nan nasu da ba ya ɗaukewa. Ina zaune da littafi sai iska ta shigo ta taga da wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, na dafaffen tsiro. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na bi shi har bakin garejin maƙwabcina, wani magidanci mai aikin wutar lantarki, na tarar da shi tsaye a kan wata babbar tukunyar ƙarfe, rishon gas yana huci a ƙarƙashinta, yana juyawa da muciya mai tsawo.

Ya ɗaga mini hannu. "Giya nake dafawa," in ji shi. "Shigo daga ruwan nan."

Gara in faɗi matsayina tun da wuri. Ni Musulmi ne, giya ba ta taɓa shiga bakina ba, kuma ba na kiran kowa ya sha. Amma na shiga garejin nan, na zauna a kan wani akwati har la'asar, domin ƙamshin da ke tashi daga tukunyar na gidanmu ne. Ƙamshin Iya ne, mahaifiyar babana.

Mu asalinmu Maguzawa ne na kudancin Katsina. Babana ya musulunta ina yaro ƙarami, mu ma muka tashi a kan haka, amma Iya ta ci gaba da zama a sashenta bisa al'adar da ta gada, tana dafa burukutu. Ba kullum ba. Idan za a yi gayya, ko biki, ko kasuwar ƙauye ta kusa, a nan take ɗora manyan tukwanenta guda uku a bayan ɗaki. Aikin mako guda ne cur. Ta jiƙa jar dawa ta kwana, ta tsame, ta baza a ƙasan da ta share ta daɓe, ta lulluɓe da ganye. Safe da yamma tana yayyafa ruwa tana juyawa, har kwana huɗu ko biyar, sai ka ga kowace ƙwaya ta fitar da farin gemu. Sai shanya a rana, sai niƙa. Ranar dahuwa kuwa tun asuba hayaƙi yake tashi. Ni ne mai kawo itace. Takan ce, "Maigida, ƙaro mini kara, wutar nan ta yi sanyi," in ruga da gudu, ladana kuwa ƙoƙon ruwan tsiro mai ɗumi, tun bai kwana ba balle ya yi ƙarfi, zaƙinsa kamar an zuba zuma. Babana bai taɓa hana ni wannan ba. Abin da ya hana ni shi ne kusantar randunan bayan sun fara kumfa.

Maƙwabcin nan nawa galan 5 yake dafawa a lokaci guda, kimanin lita 19. Kayan aikinsa ba su da yawa: tukunya, wata kular ruwan sanyi da ya huda ya sa mata famfo, babbar kwalba mai ƙaramin baki, ma'aunin zafi, da wani ɗan gilashi mai iyo da ke nuna yawan sukarin da ke cikin ruwa. Tsiron sha'ir yake saya a buhu, an riga an busar an ɓarza. Ya jiƙa shi cikin ruwa mai zafin digiri 66 na tsawon awa guda, ya tace, ya tafasa ruwan awa guda yana jefa furen hof, wata shuka mai yaɗo da ke ba giyarsu ɗaci da ƙamshi, ya huce shi da sauri, ya zuba yis, ya toshe. Mako biyu a kwalbar, mako biyu a ƙananan kwalabe. Komai kuma sai ya rubuta a wani littafi da ya yi baƙi da yatsu: nauyin hatsi, zafin ruwa, minti nawa, abin da ya fito.

Shi ya fara ba ni labarin cewa wannan abin da yake yi ƙofa buɗe, a ƙuruciyarsa laifi ne a dokar ƙasa. Daga baya na bi diddigin zancen a laburare. A 1873 Amurka tana da wuraren dafa giya 4,131, kusan kowane gari da nasa, yawancinsu na baƙi ne daga Jamus. Daga 1920 zuwa 1933 aka hana giya a ƙasar baki ɗaya. Da aka ɗage dokar, ƙalilan ne suka farfaɗo, waɗanda suka farfaɗo kuma manya suka riƙa haɗiye ƙanana. Masu jari sun samu taragon jirgin ƙasa mai sanyi, sun samu gwangwani, sun samu tallar talabijin. Anheuser-Busch, Miller, Schlitz, Pabst, Coors: duk kusan abu ɗaya suke sayarwa, fara, marar nauyi, an sirka sha'ir da shinkafa ko masara. Zuwa 1978 wuraren dafa giya 89 kacal suka rage a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200. Dokar da ta biyo bayan ɗage hanin ta yarda mutum ya yi giyar inabi a gidansa, amma ba ta ce komai game da ta hatsi ba, saboda haka ta zauna a haramce. Sai a watan Oktoba na 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta wa baligi dafa galan 100 a shekara, gida mai manya biyu ko fiye galan 200, da sharaɗin ba na sayarwa ba ne. Ko a hakan sai da kowace jiha ta yi tata dokar. Mississippi da Alabama ba su yarda ba sai 2013.

Abin da ya fi kama hankalina a tarihin nan shi ne daga ina sana'ar ta sake tsirowa. Ba daga manyan kamfanoni ba. Fritz Maytag, ɗan gidan masu ƙera injin wanki, ya sayi tsohon kamfanin Anchor na San Francisco a 1965 yana gab da durƙushewa, ya zauna ya koyi aikin da hannunsa. Jack McAuliffe, tsohon sojan ruwa da ya yi zama a Sikotilan, ya haɗa tukwanensa da walda daga tsofaffin ganguna ya buɗe New Albion a Sonoma a 1976. Kamfanin bai wuce 1982 ba, amma ya nuna wa wasu hanya. Ken Grossman shagon sayar da kayan dahuwar gida yake da shi a Chico kafin ya tattara tsofaffin tankokin madara ya kafa Sierra Nevada a 1980. Charlie Papazian kuwa malamin makaranta ne a Boulder da ke koyar da dahuwa a ɗakin girkinsa. Ya kafa ƙungiyar masu dahuwar gida ta Amurka a 1978, ya rubuta littafin da maƙwabcina yake ajiye da shi a kan kanta, bangonsa ya yage. Har furen hof ɗin da suka yi suna da shi, Cascade, a gonakin gwaji na garin da nake zaune aka samar da shi, aka fitar da shi ga manoma a 1972. Masu gareji ne suka mayar wa ƙasar abin da masu injin suka share.

Wata rana na kwatanta masa yadda Iya take yi. Na ce bayan ta dama garin tsiro da ruwa takan bar shi ya kwanta, ta tsiyaye ruwan saman a wata randa daban, ta ɗora kaurin ƙasan a wuta shi kaɗai har ya dahu, sannan ta juye shi cikin ɗanyen ruwan nan da ta ajiye. Ya ce, "Don me za ta wahalar da kanta haka? Ni lokaci ɗaya nake yi." Ban da amsa a ranar.

Amsar a aji na same ta, bayan watanni, kuma sai da na ajiye alƙalami na yi shiru. Idan ƙwayar hatsi ta fara tsiro tana fitar da wasu sinadarai masu yanka sitaci su mai da shi sukari. Sinadaran nan zafi mai yawa yana kashe su. Sitaci kuma ba ya yankuwa sai ya dahu ya kumbura. A sha'ir abin ya zo daidai: zafin da ke kumbura sitacinsa bai kai na kashe sinadaran ba, shi ya sa digiri 66 ya ishi maƙwabcina. Dawa ba haka take ba. Sitacinta sai ya haura digiri 70 yake sakin jiki, a lokacin kuwa yawancin sinadaran sun mutu. To mene ne mafita? A raba su. A tsiyaye ruwan da sinadaran suka narke a ciki a ajiye gefe, a dafa sitacin shi kaɗai, sannan a haɗa su a zafin da ba zai yi ɓarna ba. Abin da malamin ya zana a allo da kibiyoyi, shi ne abin da na yi ta kallo ina riƙe da damin kara. Matan da ke dafa fito a arewacin Ghana, da masu bilbil a arewacin Kamaru da Chadi, da masu dolo a Burkina Faso, duk da irin wannan dabara suke aiki. Iya ba ta da ma'aunin zafi. Bayan hannunta take karawa a jikin tukunya, wani lokaci ta tsoma ɗan yatsa ta lasa. Tsamin da take bari ya kama ruwan cikin dare shi ne yake kare shi daga lalacewa, aikin da furen hof yake yi wa Turawa. Ɗan ragowar tsohuwar dahuwa da take ɓoyewa a ƙoƙo shi ne yis ɗinta, ta gaje shi ne daga uwarta, kuma ba ta bari ya mutu ba shekara da shekaru.

Na yi kuka a ranar, a hanyar komawa gida. Iya ta rasu shekara huɗu kafin nan, kuma ban taɓa tambayarta dalilin ko abu ɗaya ba. A makaranta an koya mana mu ji kunyar irin wannan kaka.

Ba zan ƙawata abin fiye da yadda yake ba. Na ga abin da burukutu ya yi wa Baffa, ƙanin babana. Shi ba ya jiran gayya. Kasuwa-kasuwa yake bi, har ya kai ga ɗibar dawa daga rumbu tun kafin bazara ta yi nisa, matarsa ta yi yaji sau uku, na huɗun ba ta dawo ba. Iya takan ƙi sayar masa, ya tafi wajen wata. Duk wanda ya ce mini giyar gargajiya ba ta kashe gida, bai zauna a gidanmu ba. Abin da nake girmamawa ilimin hannun matar nan ne da sanin hatsinta, kuma zuciyata tana iya ɗaukar abubuwan biyu tare.

Da muka saba, maƙwabcina ya fara ɗaukata a mota zuwa Portland, tafiyar awa ɗaya da rabi. Yana zuwa sayen kaya a F. H. Steinbart, shagon da aka kafa tun 1918, daga can sai mu biya ɗaya daga cikin ƙananan mashayun da ke dafa tasu a wurin. Jihar ta halatta irin wannan a 1985, McMenamins suka fara, BridgePort da Widmer kuwa tun 1984 suke dahuwa. Da farko na yi ɗari-ɗari, don abin da na sani da gidan giya shi ne duhu da hayaniya da faɗa. Sai na tarar da tsohon sito mai haske, dogayen tebura na katako, baƙin allo an rubuta sunayen abin da aka dafa da alli, kowanne da ƙarfinsa. Tankokin suna nan a bayan gilashi, mai dahuwar yana yawo da takalmin roba, kowa ya san shi. Akan kawo wa mutum ƙananan kofuna huɗu ko biyar a kan faranti na katako, ya kurɓi wannan ya shinshina wancan. Ni lemon citta nake sha, ba wanda ya taɓa tsare ni da tambaya. Hirar teburin ita ce ta riƙe ni: wane manomi a kwarin Yakima ya noma wannan hof, ruwan garin nan laushi gare shi, wane ne yis ɗinsa ya lalace, me ya sa. Mutum ya zo da kwalbar da ya dafa a gida, mai shagon ya ɗanɗana ya gaya masa gaskiya, har ya rubuta masa gyara a bayan takarda. Sana'ar da ake ɓoye sirrinta a wasu wurare, su raba ta suke yi kamar goro.

A nan na tuna rumfar Iya ranar kasuwa. Ita ma kowa ya san wadda ta dafa. Idan ta yi tsami da yawa a fuskarta za a faɗa mata. Ƙwarya ɗaya ke zagayawa, ana maganar damina da farashin gyaɗa da auren wance. Bambancin shi ne su suna da littafi, da ƙungiya, da mujalla, da bikin shekara-shekara da suka fara a 1982. Ita kuwa duk abin da ta sani a kanta yake da tafin hannunta.

Akwai wani abu da ya faru a gida ina saurayi wanda sai a can na fahimci girmansa. A 1988 gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir. Manyan kamfanoni, Nigerian Breweries mai masana'anta a Kaduna tun 1963, da Guinness na Ikeja, dole suka juya ga dawa da masara. Masana suka duƙufa a kan matsalar nan ta sitaci da zafi, ana gwada irin dawa kamar gajeriyar kaura ta Samaru, ana sayo sinadarai daga waje don su yi aikin da tsiron ya gaza. Suka yi nasara, har dawar manoman Arewa ta zama abin da ake yin Maltina da sauran lemon malt da muke sha a ɗaurin aure. Ban taɓa jin an ce an kira mata irin Iya an zaunar da su an tambaye su ba, alhali matsalar da ake kashe wa kuɗi sun daɗe da warware ta da randa biyu.

Na koma Oregon a 2024, bayan kusan shekara talatin. Abin da na bari yana rarrafe ya girma har ya fara tsufa. A 2015 yawan wuraren dafa giya ya zarce adadin 1873, daga baya ya haura 9,000. Amma da kuɗi suka shigo, manyan da aka gudu daga gare su sun biyo baya da jakar kuɗi. Anheuser-Busch ya sayi Goose Island na Chicago a 2011. An sayar da Ballast Point na San Diego a kan dala biliyan 1 a 2015, shi ma daga shagon kayan dahuwar gida ya faro. BridgePort, inda na sha lemon citta sau da yawa, an rufe shi a 2019. Anchor da kansa, uban tafiyar, an kashe wutarsa a 2023. A shekarar da na je, waɗanda aka rufe sun fi waɗanda aka buɗe yawa, karo na farko tun 2005. Annobar korona ta taɓa su, haya da hatsi da gwangwani sun yi tsada, matasa kuma sun rage sha. Wannan na ƙarshen ban yi baƙin cikinsa ba. A kan allunan yanzu har da giya marar bugarwa, wadda kamfanoni irin Athletic suka yi suna da ita.

Maƙwabcina ya tsufa, gwiwa ta hana shi ɗaga tukunya. Ya ce kulob ɗinsu ya ragu, samari ba sa ganin dalilin ɓata yini guda a kan abin da ke cike da kanti iri ɗari. Amma ya ɗauko mini littattafansa, sun zama bakwai, an ɗaure su da roba. Jikarsa ta ce tana so. Ya buɗe na biyun ya nuna mini wani shafi da na manta da shi sarai: dahuwar da ya gwada da dawa, wadda ya samo a shagon abincin tsuntsaye, bisa kwatancen da na yi masa. A saman shafin ya rubuta sunan da na gaya masa, Iya, haruffa uku. A duk duniya, nan kaɗai na san an rubuta aikinta.

Ƙauyenmu kuwa tukwanen sun daɗe da sauka. Mutane sun musulunta, wasu sun shiga coci mai hana sha, shari'a ta zo a 2000, itace ya yi wuya, dawa ta yi tsada. Ba na kukan randunan. Abin da ke damuna shi ne waɗanda ba su daina sha ba sun koma ga barasar leda da ƙananan robobi, mai ƙarfi ninki goma, wadda yaro zai ɓoye a aljihu, ba wanda ya san wanda ya haɗa ta balle ya faɗa masa ta yi yawa. Na ji labarin a 2017 an buɗe wani ƙaramin kamfani irin na Portland a Abuja, Bature Brewery, daga baya ya koma Legas. A Jos da kudancin Kaduna har yanzu mata suna dafa burukutu a bayan gida. Tsakanin waɗannan biyun akwai rata mai faɗi, ta kuɗi da ta daraja.

Da azumin da ya wuce na je gaishe da Inna, mahaifiyata. Ta haura tamanin, amma kunun zaƙin buɗa-baki ba ta yarda kowa ya dama mata. Na tarar ta baza dawa a kan buhu a lungun ɗaki ta rufe da tsumma mai laima, fararen gemu sun fara leƙowa. Na zauna kusa da ita ranar damu. Ta raba ƙullun gida biyu, ta sheƙa wa babban tafasasshen ruwa har ya yi kauri, ta ajiye ƙaramin da ta niƙa da tsiro da citta da busasshen dankali. Ta jira. Can ta kara bayan hannunta a jikin robar, ta girgiza kai, ta ƙara jira.

Na ce, "Inna, wa ya koya miki wannan jiran?"

Ta ce, "Wa kuwa, in ba kakarka ba? Ina amarya ta ce mini in na zuba da zafi na kashe shi, in na bari ya huce ya yi barci."

Na fito da littafi da biro daga aljihu. Ta dube ni, ta dubi littafin, sannan ta jawo hannuna ta ɗora bayansa a jikin robar.

"Ajiye wannan tukuna," in ji ta. "Ji nan. Yanzu ne."